Hatsin da Baba Ya Mayar Dogo

Mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu yana ma'ajin kuɗin gwamnati a Damagaram. Sojoji sun zo sun same shi a kujerar, farar hula ma sun zo sun same shi. Kowace sabuwar gwamnati takan shigo da niyyar cire shi, don tana ganin mutumin ta baya ne, sai a yi ta bincike a rasa inda za a kama shi, a ƙyale shi. Jam'iyyu sun yi ta zawarcinsa, ya ƙi kowa. Siyasarsa ɗaya ce: kada a ce ya ci abin wani.

Mu a gida mu muka sha wahalar wannan hali. Rago ya sha shigowa gidanmu gab da Sallah ya fita da ƙafarsa, Inna tana tsaye bakin madafa tana bin sa da ido. Ko goro aka ba Baba a biro, wato ofis, sai ya tambayi dalili. Ina ƙaunarsa, amma gaskiya mutum ne mai wuyar zama.

Abu ɗaya ne yake shigowa ba a tambayi dalili ba, shi ne hatsin Dogo. Can aka haifi Baba, can wansa, wanda muke kira Baffa, yake noma gandun da kakanmu ya bari. Duk kaka sai amalanken shanu ya tsaya ƙofar gidanmu da dammunan hatsi, rabon Baba. Ba don muna jin yunwa ba. A wajenmu wanda yake cin hatsin gandu ɗan gida ne ko da ya yi nisa, wanda ya daina ci kuwa ya fita.

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lakwal, wato makaranta, Baffa ya shiga takarar konseye, kansila ke nan, a Dogo. Da kaka ta yi, yaran jam'iyyarsu za su shigo gari da mota a buɗe, sai ya ga banza ta faɗi, me zai sa ya wahalar da shanu? Aka loda hatsinmu a ciki. Motar ta tsaya ƙofar gidan ma'aji da hantsi, tuta na kaɗawa, lasifika na waƙa, maƙwabta duk sun fito kallo.

Baba ya fito ya dubi motar, ya dubi dammunan. Bai ɗaga murya ba.

"Ku mayar inda kuka ɗauko," ya ce wa direban.

Inna ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, hatsin gandu ne fa."

"Na sani. Amma gobe ba wanda zai ce na gandu ne. Motar za a tuna."

Haka hatsin ya koma Dogo, aka sauke shi gaban mutanen gari, ƙofar gidan babban wa. Baffa bai aiko da ko kalma ɗaya ba. Ya faɗi zaɓen ma, har aka riƙa yi masa ba'a wai ƙanensa na ciki ɗaya ya ƙi hatsinsa, balle ƙuri'a.

Kaka ta gaba amalanke bai zo ba. Muka koma awo a kasuwa, tiya-tiya. Idan an haɗu wajen suna ko gaisuwar mutuwa sukan yi musafaha, Baba ya ce "Yaya," shi kuma ya ce "Ma'aji," shi ke nan. Da can da sunan yarinta yake kiransa. Na ji haushin Baba ƙwarai, na kuma faɗa masa. Na ce ai da ya sa an sauke a bayan gida, ko ya bi motar ya ba da haƙuri. Ya ce in ya je yana kan kujera, za a ce sulhun siyasa ya je yi. Na ce to kujerar ta haife shi? Ya ci gaba da jan carbi.

Shekara bakwai aka yi haka. Ranar da ya miƙa makullan biro ya ajiye aiki, an yi masa walima da jawabai, kowa na yabon hannunsa mai tsabta. Washegari da sassafe ya ce in raka shi Dogo. A lokacin na yi aure ina koyarwa. Muka shiga motar haya kamar kowa.

Mun sami Baffa a gindin bedi, wato itacen darbejiya, yana gyaran igiya, ya tsufa fiye da yadda na zata. Baba ya cire takalmi ya durƙusa da babbar rigarsa a ƙasa.

"Yaya, na zo ɗaukar hatsina."

Baffa bai ɗago ba. "An kore ka ne?"

"Na gama."

"To."

Ya tashi da ƙyar, muka bi shi bayan gida. Akwai wani rumbu dabam da sauran, an yi masa sabon jinka. Matarsa ce ta raɗa mini cewa duk shekara sai ya ware rabon Baba ya zuba a nan, har shekarar da damina ta yi gardama suka ƙare da cin tafasa, bai yarda an buɗe ba.

"Ga shi nan," in ji Baffa. "Ba wanda ya taɓa. Amma ni na daina aike. Mai so ya ɗauka da kansa."

Baba ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini. Mutumin da ya shekara ashirin bai ɗauki abin da ya fi jakar takardu ba, ya sa kai ya ɗauki dami, ƙaiƙayi na zubo masa a wuya, yana tangaɗi har bakin amalanke. Baffa ya kalle shi ya kira shi da sunan nan na yarinta, ya ce, "Har yanzu ba ka iya ɗauka ba." Na juya baya don kada su ga ina kuka.

Tsohon hatsi ba daɗi gare shi ba. Tuwonsa na warin rumbu, furarsa da ɗan ɗaci. Inna ta yi ƙorafi, jikoki suka yi ta yamutsa fuska, Baba ya hana a auno ko tiya ɗaya daga kasuwa sai an cinye.

Ba mu kai rabi ba Baffa ya rasu. Ranar sadakar uku mata suka kawo sabon hatsi za su daka gumba, Baba ya ce a'a, ya sa aka ɗebo daga wancan tsohon hatsin. Aka raba wa mutanen Dogo, kowa ya ji ɗacin. Baba ya zauna inda wansa yake zama a gindin bedi, ya cinye tasa duka.