Kwamfutar Ɗakin Gwaji

Yayata ta shekara ashirin da biyu tana gwajin jini a asibiti, kan kujera ɗaya. Tun muna yara ba ta iya zama cikin mutane ba. In an yi baƙi sai ta gaishe su ido a ƙasa, ta shige ɗaki ta rungumi littafi. A makaranta Dolo suke ce mata, alhali ita ke zuwa ta ɗaya. A gida ni na laƙaba mata Bagidajiya, har Inna ta kama.

A wurin aiki sai ta zama Kwamfuta.

"Kwamfuta, ƙarasa mana waɗannan," abokan aikinta su ce, su jibge mata kwalaben jini su tafi cin abinci. Ba a taɓa ce mata taho mu je ba.

Ita ta fara lura injin gwajin suga yana ƙarya, lafiyayyen mutum ya fito da ciwo. Ta yi mako uku tana bin sakamako ɗaya bayan ɗaya, ta cika shafi shida, ta kai taron ma'aikata. Da ta miƙe, sai muryarta ta hau rawa, takardun suka zube ƙasa. Wani abokin aikinta, ɗan gaye mai zaƙin baki, ya ce, "Kwamfuta ta daskare, a kashe a sake kunnawa." Ɗaki ya kwashe da dariya, har da shugaba. Ta tsince takardunta ta zauna.

Bayan wata biyu ɗan gayen ya tashi a wani taron ya karanta shafukan nan shida da muryarsa mai daɗi. Aka gyara inji, aka ba shi shugabancin sashe. Abu na farko da ya yi, ya mayar da ita tagar karɓar marasa lafiya, wai ta koyi hulɗa da jama'a.

Can na same ta ranar da na kai Inna gwaji. Ta manna 'yar takarda a gefen tebur: Sannu da zuwa. Ya jiki? Yi murmushi. Tana bin su a jere. Wata mata ta karɓi katinta tana tsaki, ta ce, "Wannan miskilar fa?"

Da layi ya tsagaita, Yaya ta matso ta rage murya.

"Auta, faɗa min gaskiya. Murmushin ya yi daidai?"

Na ce ya yi. Ta gyaɗa kai, ta kira na gaba.