Tarihin Mai Kunne, Direban da Mota Ba Ta Tashe Shi Ba

Duk direban da ya saba ƙailula a ƙarƙashin babbar mota, ya karanta wannan kafin ya sake shimfiɗa tabarma.

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi a shekarar 1968, a wani gida da ke bayan tashar manyan motoci. Mahaifinsa makanike ne, mahaifiyarsa kuma tana sayar da abinci a bakin tashar. Bai wuce firamare ba, domin hankalinsa yana kan injuna, har ya kai yana gane ciwon mota daga kukanta, aka yi masa laƙabi da Mai Kunne.

Aiki da iyali

Ya fara jan tirela a 1990, ya yi aure a 1994. A zamaninsa idan rana ta take, direbobi a inuwar ƙarƙashin mota suke kwanciya ba tare da fargaba ba, domin mota ba ta motsawa sai an tayar da inji an ɗumama shi, kuma wannan rurin yana farkar da mai nauyin barci.

Zuwan motocin lantarki

A 2023 kamfaninsu ya sayo motocin lantarki. Ba su da hayaƙi kuma ba sa shan mai, amma nauyin batir ya rage kayan da ake lodawa, caji kuma yana cinye rabin yini a filin da ba shi da rumfa. Marigayi ya ƙi karɓa, ana tsokanarsa wai kunnensa ya yi ritaya. Babban ɗansa, wanda shi ma direba ne a kamfanin, ya karɓa. Daga nan zama ya gagare shi: kullum yana filin caji yana kai da komo, yana nanata wa ɗan cewa ya riƙa leƙa ƙasa kafin ya ja motar da ba ta magana.

Rasuwa

Wata Laraba a 2025, ya zo filin lokacin da ɗan ya tafi cin abinci, bai tarar da shi ba. Zafi ya dame shi, tsohon sabo ya rinjaye shi, ya shimfiɗa tabarma a inuwar ƙarƙashin motar ɗan, barci ya kwashe shi. Ɗan ya dawo, batir ya cika, na bayansa a layi suna ta azalzalarsa. Bai san mahaifinsa ya zo ba, bai kuma leƙa ba, ya ja motar.

An yi jana'izar Mai Kunne bayan la'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: direban, da tela, da biyu 'yan makaranta. Allah Ya jiƙansa.

Gidan ya dogara da tuƙin babban ɗan, shi kuwa bai sake taɓa sitiyari ba. Har yau babu wanda ya san ko zai koma.