Gerona da Mutumin da Bai Iya Karɓa ba

Kafin annobar shanu, duk kaka wani dattijon Bafillace yakan sauke garkensa a gonata bayan Ƙofar Marke. Shanun su ci kara su bar mini taki, ni in ba shi dammunan gero. Garken kuwa, in na gaba na shan ruwa a gulbi, na baya bai gama fitowa daga gonata ba. Kowace shekara shi ke fidda zakka, bijimi sukutum.

Sai ciwon ya shigo. Saniya ta yi ta zawo da dalalar miyau, kafin ka nemo magani ta kwanta. Ungulayen Sakkwato sunka yi ƙibar da sai sun yi gudu kafin su iya tashi. Damina kuma ta zo da rowa. Masu shanu sunka cika gari, kowa da sandarsa, babu abin kora.

Na sami dattijon ya sauka a zauren limaminmu, iyalinsa na ciki, kwana da kwanaki ba su ɗora tukunya ba. Na dire masa zakkar ɗan abin da na samu.

"Kaɗo, mi ne na wanga?"

"Gero ne, Baffa. Ba a tatsarsa, dakawa ake."

Bai yi dariya ba. Liman ya ce masa wannan ba bara ba ce, haƙƙi ne da Allah Ya yanka wa duk wanda ya rasa. Dattijon ya ce ya sani, ai shi ma ya bayar. Ranar na gane bayarwa kawai anka koya masa. Karɓa kuwa, babu kakansa da ya taɓa yi, balle ya nuna masa yadda ake miƙa hannu.

Can ya ce, "In iri ne, na karɓa. Ka yanka min gefen gonarka."

Rabin geron ya tafi turmi, ban gani ba, ban tambaya ba. Noman nasa kuwa abin kallo: ya kashe gero ya bar ciyawa, don ita ya sani da daraja. Abin da ya girba, jakina ma sai da ya waiwayo ya ga ko an ɗora masa kaya.

Liman ya ce bai kai nisabi ba, babu zakka a kansa. Dattijon ya saurara har ƙarshe, ya cika ƙwarya, ya aika wa wani da ya sauka gari jiya da sanda.