Tsohuwar da Ta Ƙi Yin Kuka

Ina aji huɗu a sakandaren 'yan mata ta kwana a Ƙauran Namoda aka kawo mana malamar Ingilishi, Kirista 'yar Filato, gajeriya mai faɗa. Ina kewar ajin nan har yau, da bencinsa mai cizon siket. Wani zango ta shigo da tsohon littafi marar bango, ta ce za mu karanta labaran mutanen can ƙarshen arewacin Turai, inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. Da muka ji suna da alloli barkatai sai aji ya ɗauki a'uzubillahi. Ta buga tebur ta ce tatsuniya ce, ita ma ba su take bauta wa ba, mu buɗe shafi.

Labari ɗaya ya zauna mini. Wata uwa ta ji tsoron mutuwar ɗanta, ta bi duniya tana sa wuta da ruwa da ƙarfe da macizai rantsuwar ba za su taɓa shi ba. Ta raina kauci, ɗan tsiron nan da ke maƙale wa bishiya, ta wuce shi, da shi kuwa aka kashe yaron. Aka ce za a dawo da shi idan kowa da komai ya yi masa kuka. Har duwatsu suka yi, tsohuwa ɗaya ta ƙi, yaron bai dawo ba.

Da hutu na koma gida Shinkafi da labarina, ni kuwa bakina ba ya ajiya. Lokacin yayana ya fara kabu-kabu, yana ɗaukar fasinja a babur zuwa Galadi, hanyar kuma ta fara lalacewa da 'yan bindiga. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kama sunansa, ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Amma ni na san wadda ta ɗinke laya a cikin kujerar babur ɗin, da wadda ke zuba masa rubutu a kunu tana cewa ƙanzo ne ya sa shi baƙi.

Tana tsinke zogale na ba ta labarin. Na zaci kaucin zai burge ta, tunda ta san shi a magani. Ko a jikinta. A kan tsohuwar nan ta tsaya, ta tambaye ni me yaron ya yi mata. Na ce littafin bai ce ya yi mata komai ba. Ta ce ƙarya ne, ba a ƙin yi wa mutum kuka haka kawai.

A bayan gidanmu akwai wata dattijuwa mai sayar da daddawa, shekara shida ba sa ga-maciji da Inna. Yayana yana koyon babur ya take mata tunkiya mai ciki, Inna ta tare wa ɗanta, baki ya yi tsami, matar ta ja masa Allah ya isa a gaban unguwa. Inna kuwa mace ce da ko ita ta taka ka, kai za ka ba da haƙuri.

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta ce in ɗauko kwanon fura in biyo ta. Ashe ƙofar mai daddawa muka nufa. Muka yi sallama sau biyu kafin a amsa. Matar tana kan turmi a zaune, ba ta ba mu tabarma ba. Inna ta durƙusa a ƙasa, abin da ban taɓa gani ba, ta gaishe ta, ta ce ta zo neman gafara a kan maganar tunkiya.

Matar ta dube ta, ta ce:

"Ba don ni kinka taho ba. Don ɗanki na, da ka bin hanyar Galadi."

Na san Inna, na jira ta miƙe ta kaɗe zane. Sai ta sunkuyar da kai.

"Gaskiya ta, Yaya. Tsoro ni kai." Daga nan ta faɗi sunansa, ta ce shi take roƙa wa.

Tunda aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Kunya ta kama ni kamar na gan ta ba ɗankwali, na juya ina kallon kaji. Ita ma matar ta ji nauyin abin, don ta sauko daga turmin ta janyo tabarma da ƙafa.

"Da kin yi mini ƙarya da ban yahe ba," in ji ta. "Tashi, ƙasa da sanyi. Na yahe mai duniya da lahira. Ki ce ya riƙa biyowa ta nan in zai hita, in sa mai albarka."

Muka kamo hanyar gida har muka kai zaure. Nan Inna ta juyo ta ce idan na kuskura yayana ya ji ta kama sunansa, sai ta yanke mini harshe. Shekara goma sha ke nan, 'ya'yansa uku yanzu, Inna kuma ta rasu bara. Ban gaya masa ba sai ranar sadakar uku, ya sa na maimaita masa yadda ta faɗe shi.