Laimar Kawu Ɗanjuma

Ku da kuka san rumfar Kawu Ɗanjuma a kasuwar Ƙafin Maiyaki, kun san ba ya ɗaga kai sama sai don neman jinjirin wata. Hadari ko ya taɓo jinka, bai shafe shi ba. Kai, taurin kai irin na ƙanen uwata ban taɓa gani ba!

Duk mai rumfa da ke da hankali ya san abin yi. Hadari ya fara haɗuwa, a jawo fartanya da laima gaba. Kaka ta yi, lauje. Sanyi ya shigo, bargo da man kaɗe. To shi Kawu ya buɗe rumfarsa ne tun zamanin Turawa, shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar damina. Ya jera dabino, laima da fartanya, suka ƙare tas. Watan Takutaha, wato na Mauludi, kuma ya zo cikin sanyi, barguna suka tafi. Shi ke nan fa, ya ƙulle magana: laima da fartanya na azumi ne, bargo na Takutaha.

Azumi kuwa kun san halinsa, kowace shekara sai ya riga na bara zuwa. Sannu a hankali ya koma tsakiyar zafi. Rana na gasa ƙeya, Kawu ya rataye laimomi reras, ga fartanyu a ƙasa.

Matarsa, Inna Delu, ta ce, "Malam, wa zai sayi fartanya ƙasa kamar dutse?"

Ya ce, "Ni na fito kan lokaci. Ruwan ne ya makara."

Wani mutumin Kiru da zafi ya isa ya ce a ba shi laima ya kare rana. Ciniki ya kawo kansa, ko? Ina! Kawu ya ce, "Ta ruwa ce. In inuwa kake so, ga tsamiya can."

Da ruwan ya sauka na gaske, manoma suka cika rumfa neman fartanya. Ashe tuni ya ɗaure su ya tura ƙarƙashin gado. "Lokacinsu ya wuce. Ina kuke da azumi?" Suka tsallaka rumfar maƙwabcinsa suna dariya. Barguna kuma sai ya baje su ana tsaka da ruwa, su yi ta tsami. Haba jama'a!

Da Inna Delu ta ga rumfa za ta mutu, rumfar ce kuwa tukunyar gidan, sai ta ce mini, "Uwani, ke yake saurara, roƙo mana Liman." Na aika, Liman ya zo har zaure ya yi masa bayani tiryan-tiryan, cewa wata da damina ba tafiyarsu ɗaya ba, sai an haura shekara talatin da buɗe rumfarsa azumi zai komo tsakiyar ruwa.

Kawu ya leƙo cikin gida yana washe baki. "Delu, kin ji? Zai komo! To me zai sa in tashi?"

Rumfar ba ta jira ba. Shi ma bai jira ba.

Ina da jikoki azumi ya komo damina. Ran da aka ɗauki na fari, ruwa ya tsuge. Na ɗauko laima ɗaya da Inna Delu ta bar mini, na buɗe a tsakar gida. Duk huji, na jiƙe sharkaf. Na ce, "To Kawu, ga shi ya komo."

Allah Ya jiƙan Kawu Ɗanjuma, Ya yafe masa, Ya ba shi inuwa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Amin.