Fallen Kwano Ɗaya a Makera

Daminar farko bayan sojoji sun koma bariki, ina Makera ina ɗinki a ɗakin da mijina ya gina da guminsa na masaƙa. Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin in kwashe shanya iska ta iso. Ban taɓa ganin irinta ba! Rufin ɗakina ya ɗaga kamar murfin tukunya, ya yi sama. Na kwanta a kan keken ɗinki, na rungume atamfofin mutane, ina ihu ina dariya, don abin ya fi ƙarfin kuka.

Iska na lafawa unguwa ta fashe da gudu. Kwanukan layinmu duk sun zube a filin bayan coci, ga wani hadarin yana sake haɗowa. Wanda bai rufe ɗakinsa ba yau, kayansa sun jiƙe. Na ɗaura ɗankwali a ƙugu na shiga rububi, jinina na tafasa, har daɗi nake ji. Na tara falle shida, saura ɗaya.

Ina kama na bakwai na ji an riƙe ɗaya gefen. Maƙwabciyata ce 'yar Binuwai mai tuyar ƙosai, wadda muke kira Maman 'yan biyu.

"Madam tela, saki, nawa ne," in ji ta.

"Naki a ina? Da sunanki a jiki?"

Ta ja, na ja. Ni kuwa dama ba a ja da ni. Na tattara ƙarfina na fizge, bakin kwanon ya ratsa tafin hannunta na dama. Jini ya yi tsartuwa har kan zanena.

Ni na kai ta ƙaramin asibitin bakin titi. Mun tarar da layi har waje: mai fasasshen kai, mai karyayyen haƙori, wani kafinta da aka buga wa guduma a kafaɗa. Nas tana wanke ciwon tana faɗa.

"Tun ɗazu mutum ɗaya ne iska ta ji wa ciwo. Sauranku duk junanku kuka sassara. Ba ku jin kunya?"

Na sunkuyar da kai, amma a zuciyata ina cewa ai a kan gaskiyata nake.

Da na koma gida mijina ya dawo daga aiki, yana kan katakon rufi. Falle shida suka zauna daram, kowace huda a kan gurbin ƙusarta. Na bakwai ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ko huda ɗaya ba ta dace ba.

"Wannan ba namu ba ne," ya ce.

Na ɗauke shi a ka na kai gidan Maman 'yan biyu. Ta karɓa, ta ce an gode.

Yatsunta biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Shekara takwas muka ƙara a layin, kullum da safe ina ganinta tana juya ƙosai da hagu.