Gingimarin Kaka da Robar Firji

Tun ina yaro a Yashe nake ƙera motoci. Da karan dawa na fara kamar kowa, a feƙe ɓawo a soka a totuwa, a yanko taya daga tsohon silifa. Abokan wasana suka girma suka bari, ni kuwa na girma abin ya girma tare da ni. Yau ina koyarwa a wata firamare a Kankia, amma duk wanda ya leƙa lungun ɗakina zai tarar da reza da gam da tarkacen roba. Matata takan ce an yaudare ta, an ce mata malami za ta aura, ashe ɗan jari-bola ne.

Kakana na wajen uwa ya tuƙa gingimari mai bodin katako a ƙuruciyarsa, yana kwasar gyaɗa daga Kunduru da ƙauyukan kewaye. Mutum ne da in ya kama labarin hanya sai kiran salla ke tsayar da shi. Da tsufa ya zo, ido ya tafi, sai labarin ma ya bi idon. In na je gaishe shi a Yashe sai in same shi zaune jugum a kan buzu, a gaisa, shi ke nan. Shirun nan ya dame ni ƙwarai.

Wata Asabar ina tsokanarsa irin ta jika da kaka, sai ya ce, "Kai, ɗan nema, an hwaɗa mani har yanzu kana wasan mota kamar ɗan yaye. To ƙera mani tawa in gani."

Na ce, "Da wane idon, tsoho?"

Ya ɗaga hannu ya ce, "Da wanga."

Rabon da ya nemi wani abu a wurin wani har na manta. Nan take na ɗaura aniya sai na ɗora masa motarsa a hannu, wadda zai shafa ya ce ita ce.

Da gaggawa na fara, gaggawa kuwa aikin shaiɗan. Na yanka jarkar man gyaɗa da wani fasasshen bokiti, na manna da gam, na zuba fenti. A ido ta yi kyau har maƙwabta suna ɗaukar hoto. Da na miƙa wa Kaka, ya damƙe ta da hannun nan na direba, sai kan motar ya rabu da bodi, taya ta gangara ƙarƙashin gado. Ya yi dariya ya ce duk tsawon tuƙinsa bai taɓa yin hatsari irin wannan ba. Amma da dariyar ta ƙare ya miƙo mini guntayen ya koma shirunsa, ni kuma na hau babur na dawo Kankia jiki a sanyaye.

Laifin na roba ne. Robar jarka da ta bokiti santsi gare su, gam kwanciya kawai yake yi a kansu, ba ya kamawa. A waya na ga masu irin wannan ƙira a wasu ƙasashe suna aiki da wata farar roba, wai sitirin. A ja mata layi da reza, a lanƙwasa, ta karye ƙas a kan layin. In an ɗiga mata ruwan da ke narka ta a haɗa baki da baki, sai ta zama abu ɗaya. Su a shago suke sayenta falle-falle. Ni kuwa wa zan tara da wannan suna a kasuwar Kankia bai ɗauka wani sabon maganin ciyawa nake nema ba?

Sai na koma gwaji. Na samo tina a 'yar kwalba wurin mai fentin mota, wato ruwan da suke tsinka fenti da shi, na sa reza a aljihu. Duk robar da na ci karo da ita sai na ɗiga mata in ga ko za ta yi danƙo. Buta ta ƙi, tinar ta bushe ba ta bar ko tabo ba. Kofin yogot ya karɓa, amma siriri ne kamar takarda. Farin allon da masu rubuta talla ke amfani da shi laushi gare shi, farce ma lotsa shi yake. Tsohon gidan kaset ya karɓa sai dai tsagewa, na ajiye shi don gilashin gaba. Ranar da na ɗiga wa murfin kular matata ya yi tabo, ranar aka kulle mini ɗakin girki, kuma ban ga laifinta ba.

A rumfar mai gyaran firji na dace. Na raka wani abokin aikina, ina tsaye sai idona ya sauka a kan wata matacciyar firji da aka jingine, cikinta fari fat. Na faki ido na ɗiga tina a kusurwa, na taɓa, yatsana ya manne. Mai gyaran ya kama ni ina murmushi ni kaɗai.

Ya ce, "Malam, lahiya dai ko?"

Na ce, "Lafiya lau. Wannan farin na ciki nake so."

Ya dube ni ya dubi abokina, ya ce mutane inji suke nema ko waya, bai taɓa ganin mai neman fatar ciki ba. Ya ɓamɓaro mini farin ƙofar firjin gaba ɗaya. Na sha wuya wajen kankare soson da ke manne a bayanta, amma da na ja layi na lanƙwasa na ji ƙas, wallahi har raina na ji daɗi.

Wannan karon don hannu na yi aikin. Na ja tsagi a jikin bodi don yatsa ya ji katako bayan katako. Na goge kowane baki kada ya yanke shi. Lanƙwasar da ake jera kwalabe a ƙofar firjin ta zama marfin taya. Tagogi na bar su a buɗe yadda yatsa zai shiga. Da motar ta bushe na matse ta iya ƙarfina, ko gezau.

Bayan la'asar na isa Yashe. Kaka ya karɓa ya matse, ya jijjiga ta kusa da kunne, ya ce, "To, wagga ta ci abinci." Ya bi bodin da yatsa yana gyaɗa kai, ya sauko kan taya, ya hau tsani. Sai ya zura yatsa ta tagar dama, ya lalubi gaba, ya sake lalubawa, ya tsaya.

Ya ce, "Ina sitiyari?"

Na ce, "Yana hagu mana, inda yake."

"Hagu! Ɗan nema, ka zaunad da ni wurin yaron mota. Mu zamaninmu ba a canza hannu ba, dama muke zama."

Ni da aka haifa bayan canjin hannu, abin bai taɓa zo mini a rai ba. Na zaro reza da kwalba na ce ya ba ni, wannan robar ba ta da gardama, yanzu zan cire in mayar masa dama.

Ya janye motar ya rungume a ƙirji, yatsansa na cikin tagar dama. Ya ce, "Bar shi nan. Ni dai nan ne wurina. Sitiyarin kau an daɗe da amshe shi hannuna."

Hawaye suka cika mini ido, na gode Allah da ba ya ganina. Na mayar da rezar aljihu. Shi kuwa ya gyara zama a kan buzu, ya ce in matso, tunda ni ke da sitiyari yanzu, zai gwada mani inda ake rage gudu in an fito Kunduru da lodi cikin damina.